Gwaggona da Dokinta Mai Tari

Ranar da Gwaggo ta rasu ban ji mutum ɗaya a Madabo ya kira sunanta na yanka ba. Daga bakin masallaci har cikin lunguna abu ɗaya ake faɗa: "Mai doki ta rasu." Wanda ya ji sai ya yi salati ya ce, "Allah sarki, tsohuwar nan mai jiƙa harawa?" Alhali a lokacin wata bakwai ke nan rabon gidanmu da doki.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mahaifina, wanda shi ne ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya, ya zauna a tsakiya. Kowa ya zo ya ce, "Ya haƙuri, Alhaji?" sai ya ce, "Da godiya," bai ƙara ko kalma ɗaya a kai. Mutum ne mai yawan magana, amma kwana uku ya yi a haka.

A rana ta biyu wani dattijo ya jingine kekensa a jikin katanga, ya tsuguna nesa da tabarma, ya ƙi hawa. Shi ne yake kawo mata harawa daga ƙauye. Da na matsa kusa da shi na tarar kuka yake yi.

"Malam," ya ce da ni, "shekara da shekaru matar nan tana mayar min da kaya. Sai ta kwance dami ta sansana, ta ce wannan ya sha raɓa, ɗauke abinka. Ban taɓa ganin mai saye mai wahalarwa irinta ba. Kuma ban taɓa fita gidan nan da yunwa ba."

A cikin gida, inda mata suke, magana ta rabu. Wasu suka ce ta huta. Wasu suka yi ta tuna abubuwanta suna dariya ƙasa-ƙasa, su kuma share hawaye da bakin mayafi. Matata ce ta ba ni labarin wata surukar gidanmu da ta ce, "Da wahalar da ta yi wa dabba mutum ta yi wa, da ta tara lada." Mahaifiyata, wadda ba ta saba tanka wa kowa ba, ta ɗago kai ta ce, "Ai ta yi wa mutum. Ga shi can a waje yana karɓar gaisuwa."

Ni take nufi. Shi ya sa nake wannan rubutun. Ba na so abin da zai rage na Gwaggo ya zama dariyar mata kawai, kuma akwai abin da na daɗe ina ɗauke da shi wanda ban iya faɗa a kan tabarmar gaisuwa ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta haihu sau uku, babu wanda ya kai yaye. Ni da aka yaye ni sai aka kai mata, a hannunta na girma, a gidan mijinta da ke gindin Dala. Sunan mahaifinta aka sa min, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "Babana" take ce min har na yi furfura a gemu. Asalinmu masu kiwo ne. Kakanni suka shigo birni suka zauna, shanu suka ƙare, yaren ma ya tafi, ba ya dawowa bakin Gwaggo sai in ranta ya ɓaci ƙwarai. In ka ji ta juya harshe, to ka nemi hanyar fita.

Mijinta yana da gona a bayan Ƙofar Dawanau, kuma har ya mutu bai yarda da babur ba, a kan doki yake zuwa. Na ƙarshen da ya saya baƙi ne mai farin goshi, bai daɗe da sayensa ba ciwon ajali ya kama shi. Da aka zo rabon gado, aka tambayi Gwaggo abin da take so a cikin rabonta, sai ta ce, "A ba ni dokin." 'Yan'uwan mamacin suka dubi juna, suka yi saurin amincewa kafin ta canja shawara. Da ta gama takaba ta dawo gidan mahaifinta a Madabo, ita a gaba da ƙullin kayanta, ni a baya riƙe da ragama. Aka kafa masa turke a bayan gida, a filin da kakanmu yake ɗaure tumaki a da. Ta sa masa suna Dattijo, tun yana da sauran ƙuruciyarsa.

Mahaifina ya ce mata tun ranar, "Yaya, me mace za ta yi da doki?"

Ta ce, "Abin da namiji yake yi da mota. Ya wanke, ya zauna yana kallo."

Ba ta taɓa hawansa ba. Ni nake fita da shi da sassafe, mu zaga ta gindin dutse mu dawo kafin hanya ta cika da 'yan adaidaita. Da na samu aikin ofis, na yi aure, fitar ta koma ranar Asabar, daga baya ta koma sai in na tuna. Ita kuwa ba ta taɓa fashi ba. Ita ce sharar kashi, ita ce goge masa jiki, ita ce tsefe geza da yatsunta. Ba ta sa loma a baki sai ta tambaya, "An duba shi?" ko da ita ce ta duba shi yanzun nan.

Tarin ya fara ne kamar shekara shida kafin rasuwarta. Da farko ɗaya-ɗaya ne, in ya sa baki a harawa. Daga baya ya zama tari mai zurfi, busasshe, kamar ana buga jarkar da babu komai a ciki. In ya fara sai ya miƙe wuya, ya buɗe hanci, duk jikinsa ya girgiza. Daga nan gaisuwar Gwaggo ta canja. In ka ce, "Ina kwana, Gwaggo?" sai ta ce, "Lafiya lau. Sau huɗu ya yi tun asuba." Baƙon da bai san gidan ba sai ya zaci wani mara lafiya ne kwance a ɗaka.

Babu abin da ba ta gwada ba. Kanwa a ruwan sha, tafarnuwa da citta a cikin dusa, zuma a kan harshe. Wani tsoho da aka ce ya san dawaki ya zo ya ce a turara masa hayaƙin wasu saiwoyi, a rufe masa kai da buhu don ya shaƙa sosai. Aka yi. Dattijo ya yi tarin da ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba. Gwaggo ta fizge buhun, ta yi fatali da kaskon, ta juya harshe. Tsohon ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba.

Bayan wannan ne ta yarda na kawo likitan dabbobi. Da ta gan shi, saurayi da jaka a kafaɗa, sai ta jawo ni gefe ta ce, "Babana, wannan ai bai girmi dokin ba." Likitan ya ji, ya yi murmushi, ya ci gaba da aikinsa. Ya sa abin sauraro a haƙarƙarin dokin ya daɗe. Sannan ya kira ta.

"Hajiya, zo ki gani."

"Ban je ba tukuna. Ce min Gwaggo."

"To, Gwaggo. Kin ga wannan layin da ya fito a gefen cikinsa? Da cikinsa yake tura numfashi waje, don huhun ya gaza yi shi kaɗai. Ya daɗe yana shan wahala."

Ya ɗebi harawa ya tsaya inda rana take shigowa ta saman katanga, ya karkaɗa ta. Wani farin gari ya tashi ya cika hasken. Gwaggo ta tsaya tana kallo.

"Wannan yake shaƙa kullum in yana ci," in ji likitan. "Ga hayaƙin murhu, ga wurin a toshe, iska ba ta ratsawa. Kamar mai asma ne."

"Zai warke?"

"Ba zai warke ba. Amma zai iya samun sauƙi. Zan yi masa allura, in bar miki garin magani, amma maganin gaske a hannunki yake. A jiƙa harawa a ruwa kafin a ba shi, a tsane ta, a zuba masa a ƙasa ya ci kansa a sunkuye. Kar a yi shara yana wurin. A yayyafa ruwa. A buɗe masa iska. In da hali ma, a fitar da shi daga birni gaba ɗaya, ya je inda zai ci ɗanyar ciyawa a fili."

Gwaggo ta yi kamar ba ta ji wannan na ƙarshen ba. Sauran kuwa ta riƙe su kamar karatu.

Washegari ta sa aka cire kwanon da aka kewaye masa wurin da shi, aka bar rumfa kawai. Ta fito da babban bahon da aka kai ta da shi gidan miji, ya zama na jiƙa harawa. Sau uku a rana take yi. Ta cika shi da ruwa, ta danna harawar da hannu biyu har ta nutse, ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugune tana jan carbi, in ta ƙiyasta lokaci ya yi ta tsame, ta baza a kan tsohon gadon kara ya tsane. Ruwan da ya rage baƙi ƙirin yake zama. Takan kira duk wanda yake wucewa ta ce, "Zo ka ga abin da zai shiga ƙirjinsa." Da sanyi hannuwanta suka tsattsage har suna jini. Matata ta ce ta bari ta riƙa yi mata. Ta ce, "Ke sauri kike yi."

Abin da ya fi ba mu mamaki murhu ne. Matar da ta ce tuwon gas ba ya nuna, wadda in ta ga tukunyar gas take canja hanya, ita ce ta ce a sayo mata. Ranar farko da tsinken tsintsiya mai tsawo ta kunna, tana tsaye daga nesa tana salati, ƙafa ɗaya a waje. Har ta mutu ba ta daina tsoronsa ba, kuma ba ta sake hura itace a gidan ba. Ta hana turaren wuta a ɓangarenta, ita da a da kayanta ba sa rabuwa da ƙamshinsa.

Sauƙin ya samu. Akwai damina biyu da Dattijo ya yi kyau, gashinsa ya kwanta, har yana haniniya in ya ji motsinta. Wata safiya na gaishe ta ta ce, "Lafiya lau. Bai yi ba ko ɗaya." Ban taɓa ganin fuskarta kamar ranar ba.

Sai maƙwabcinmu na bayan gida ya kafa injin niƙa a jikin katangarmu, daidai inda rumfar dokin take. Daga hantsi har la'asar hayaƙin baƙin mai da garin hatsi suna tsallako katanga. Cikin mako guda tarin ya dawo, ya fi na da. Gwaggo ta yafa mayafi ta je ta same shi a gaban masu kawo niƙa.

"Malam, ka juya bututun nan ya kalli wani wajen."

"Gwaggo, in na juya shi gidan wani zai kalla. Can kuma mutane ne."

"Nan ma akwai mai rai."

"Iyalina da wannan injin suke ci. Saboda doki zan kashe shi?"

Ta kai ƙara wurin mai unguwa. Aka zauna, aka saurare ta da ladabi, aka ba ta haƙuri, aka ce a ƙara wa bututun tsawo. Aka ƙara, bai hana komai ba. Ta dawo ta sa aka mayar da turken ɗaya kusurwar, ta rataya tsofaffin barguna a kan katangar tana jiƙa su da ruwa. Ta daina amsa gaisuwar mai injin. Amma a cikin wannan gabar ne matarsa ta haihu, haihuwa mai wuya, ba ta da kowa a kusa. Gwaggo ce ta yi mata wankan jego har ta yi arba'in. Kullum da safe za ta wuce ta gabansa da tukunyar kunun kanwa, ya ce, "Sannu, Gwaggo," ta ɗauke kai, ta shiga gidansa ta gasa wa matarsa jiki. Na tambaye ta yadda aka yi haka. Ta ce, "Ita ce ta kafa injin?"

Rigimar da ta fi ciwo ta cikin gida ce. Ƙanena zai yi aure, babu ɗaki, kuma babu sauran fili a gidan sai inda dokin yake. Mahaifina ya daɗe yana kewaye-kewaye, ran nan bayan sallar la'asar ya fito fili.

"Yaya, dabbar nan ta gama. Kowa ya gani. Akwai masu sayen irinsu su yi kudu da su. A ba su, ke ki huta, shi ya huta, yaro ya samu inda zai sa matarsa."

"Su yi kudu da shi su yi me?"

Mahaifina ya kau da kai.

"Faɗi mana. Su yi me da shi?"

"Yaya, doki ne. Ba ɗa ba ne."

Mahaifina da kansa ya san abin da ya taɓa, na ga ya buɗe baki zai gyara. Gwaggo ba ta juya harshe ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na sani. Na san bambancinsu. Na binne uku." Ta shiga ɗaki ta saki labule. Daga ranar sai gaisuwa kawai take haɗa su, ita ma a taƙaice.

Ni na shiga tsakani, kuma a lokacin gani nake dabara na yi. Muna da dangi da har yanzu suke kiwo a wani ƙauye can gaba da Dawanau, 'ya'yan ƙanin kakanmu. Na tuna mata maganar likita, cewa a fili ne kawai dokin zai samu numfashi. Na ce ba sayarwa za a yi ba, riƙo za a ba su, kuma duk Juma'a zan kai ta ta gan shi. Ta ce in ba ta lokaci. Kwana biyar tana zama a gaban dokin ba ta kula kowa. A lokacin ko tsayuwa wahala take ba shi, hancinsa a buɗe, cikinsa yana bugawa sau biyu a kowane numfashi. Ran na shida ta kira ni.

"Babana, son kaina ne ya sa na riƙe shi. Tun ranar da yaron nan likita ya faɗa na ji. Ku kai shi."

Na kira likitan na gaya masa. Ya ce shawara ce mai kyau, amma a jira ruwa ya sauka ciyawa ta fito, don a bazara ƙauye ma busasshiyar harawa ce, ga zafi, ga wahalar tafiya. Na ce to. Amma an riga an sa ranar biki, an yi magana da magina, an sauke bulo a ƙofar gida. Ban gaya wa Gwaggo abin da likita ya ce ba.

Ana gobe za a tafi ta sa na ɗauko takarda da biro. Ta yi ta faɗa ina rubutawa. Yadda ake jiƙa harawa da tsawon lokacin da za ta yi a ruwa. Kar a ba shi wadda ta yi fumfuna ko da an jiƙa. Kar a ɗaure shi kusa da murhu ko inda ake sussuka. Kar a hau shi. In ya ƙi ci a sa masa hannu a wuya a yi masa magana. Ta sa na karanta mata sau biyu, ta gyara wuri ɗaya.

Mota ba ta shiga lungunmu, don haka da ƙafa aka fito da shi zuwa bakin titi. Ita ta riƙe ragamar. Tafiyar da ba ta fi ta minti biyar ba sai da muka tsaya sau uku yana tari, tana jiransa. Mutane suka fito ƙofar gidajensu suna kallo, babu mai dariya. Da aka samu ya hau motar da ƙyar, ta miƙa min igiyar ta juya, ba ta jira an tayar ba.

Da muka isa ƙauye dangi suka taru suka karɓe mu. Mutane ne da aka haifa a cikin dabbobi, babban cikinsu ya girmi mahaifina. Na sa hannu a aljihu na taɓa takardar, sai kunya ta kama ni. Ni ɗan birni mai aikin ofis, in tsaya in karanta wa makiyaya yadda ake ba dabba abinci? Na ce da baki, a gurguje, "Gwaggo ta ce a riƙa ɗan jiƙa masa harawa." Babban ya yi dariya ya ce, "Ruwan da muke tafiya mai nisa mu ɗebo? Bar shi, iskar nan kaɗai ta ishe shi." Ni ma na yi dariya. Na dawo da takardar a aljihuna.

Dattijo bai cika sati uku a can ba. Ina ofis da rana suka kira ni a waya, suka ce tun safe ya kwanta ya kasa tashi, kafin azahar ya cika. Sun ce sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma na yarda, don babu wanda ya gaya musu abin da ya kamata su yi.

Na samu mahaifina da mahaifiyata na faɗa musu. Mahaifina ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "In ta ji, ba za ta yafe min ba." Na ce a raina ba shi ne ba za ta yafe wa ba. Muka yanke a ɓoye mata na ɗan lokaci, har ta saba da rashinsa. Aka aika wa dangin ƙauye kar wanda ya faɗa.

Ɗan lokacin nan shi ya zama wata shida da 'yan kwanaki. Juma'ar farko na ce aiki ya riƙe ni. Ta biyu na ce babu mota. Da damina ta sauka na ce hanya ta lalace. Ranar da aka yi ruwan farko ta fito tsakar gida ta tsaya a ciki har ta jiƙe, ta ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu zai samu ɗanya." Bayan sati biyu ta tambaye ni, "Ya yi ƙiba?" Na ce ya yi. "Tarin fa?" Na ce da sauƙi sosai. Ƙarya ɗaya ta riƙa jawo wata. Har na ce mata an ga yana sukuwa shi kaɗai a fili. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Dattijo da sukuwa! Ashe ni na tsufar da shi."

Takan ƙulla kanwa a leda ta ba ni in kai masa. Ina karɓa in kai ɗakina in ajiye. Matata ta gaji ta ce, "Wallahi ka gaya mata. Kullum ka ƙara kwana abin ƙara nauyi yake." Na ce sai ta ɗan ƙara ƙarfi. Ƙarfin kuwa raguwa yake yi. Tun da aka daina jiƙa harawa babu abin da yake tayar da ita da sassafe. Aka tumɓuke turken, aka yi ɗaki biyu a wurin, amarya ta tare. Gwaggo ta ba ta bahon nan kyauta. Ta koma zama a bakin ƙofarta, hannuwanta a kan cinya, sun warke sumul, ba su da abin yi. Abinci ya koma cokali biyu. A asibiti suka ce hawan jini ne da tsufa. Daga baya ta daina cewa in kai ta. Tambayar ma ta ragu, har ta daina. Na ji daɗin hakan a lokacin, Allah Ya yafe min.

Ranar Laraba bayan azahar ta ce a kira mata mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina ya fara shiga. Ban san abin da suka ce ba, na dai ga ya fito yana goge ido da hularsa. Mahaifiyata ta shiga, ƙanena da amaryarsa suka shiga. Ni ne na ƙarshe.

Tana kwance ta gefen dama, ta rame har gadon ya yi mata yawa. Na durƙusa. Ta kama hannuna, ta daɗe tana kallona.

"Babana, ka yafe min. Na sha dukanka kana ƙarami."

"Ba ki yi min komai ba, Gwaggo. Ni zan nemi gafara."

"To, nemi. Akwai abin da za ka gaya min?"

Ɗakin babu kowa sai ni da ita. Maganar ta zo har bakina. Na ga yadda numfashinta yake fita da ƙyar, na ce a raina in na faɗa yanzu ni na ƙarasa ta. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce tsoro na ji kar ta saki hannuna.

Na ce, "Babu, Gwaggo."

Ta ci gaba da kallona. Sannan ta lumshe ido ta ce, "To. Na yafe maka, wanda na sani da wanda ban sani ba." Ta juya fuskarta bango. Washegari da hantsi ta cika.

Na tambayi mahaifiyata ko wani ya gaya mata. Ta ce ita dai ba ta faɗa ba, kuma Gwaggo ba ta taɓa tambayarta ba. Na tambayi dangin ƙauye da suka zo gaisuwa, suka rantse babu wanda ya yi magana. Na je wurin wani malami na kwashe komai na gaya masa, na ce, "Malam, yafiyar da aka yi wa mutum a kan abin da ya ɓoye, ta ci?" Ya ce tunda ta furta, in kyautata zato, in yi ta istigfari, in yi ta yi mata addu'a. Ina yi. Amma har yau ban san da wanne ta tafi ba. Ko ta tafi tana ganin dokinta yana can yana kiwo, ni na bar ta ta mutu a kan ƙarya. Ko kuwa ta sani sarai, ta buɗe min ƙofa a karo na ƙarshe, ta jira, ɗan da ta raina ya dube ta ido cikin ido ya ce babu.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ta ji ƙan abin da ba ya iya roƙonta, Ka ji ƙanta. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haɗa ta da 'ya'yanta uku da suka riga ta. Ni kuma, na huɗun da ta bari a baya, Ka ba ni ranar da zan tsaya a gabanta in amsa tambayar da ta yi min.